Hutun zamiyar ƙanƙara: A duba tsayin dutse da masauki kafin a duba sunan gari

Duk shekara, daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Afrilu, miliyoyin mutane kan nufi tsaunukan Turai domin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Yanzu cikinsu har da 'yan Afirka: ɗaliban da ke karatu a Turkiyya da Faransa, ma'aikatan da ke zaune a Ingila da Jamus, da 'yan kasuwar da suka fara ɗanɗana abin a Ski Dubai, filin zamiyar da aka buɗe cikin wani katafaren kanti a Dubai a 2005, daga nan suka ji suna son ganin na ainihi.

Mafi yawan sababbin shiga hanya ɗaya suke bi wajen zaɓe. Su fara da sunan garin da suka gani a Instagram, su nemi otal mai taurari da yawa, sai an biya kuɗi sannan a tuna da tambayar ko akwai ƙanƙara a wurin, ko gangaren ya dace da wanda bai taɓa sa ƙafa a kan katakon zamiya ba.

Wannan tsari a juye yake. Abin da ke sa hutun ya yi daɗi ko ya koma asara shi ne tsayin wurin, da irin gangarensa, da nisan masauki daga inda ake hawa dutsen. Suna shi ne na ƙarshe, kuma shi ne mafi tsada.

Garin da ya yi suna ba lallai ya dace da ɗan koyo ba

A ɗauki Chamonix a Faransa. Nan aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, kuma garin yana gindin Mont Blanc, dutse mafi tsayi a tsaunukan Alps, mai sama da mita 4,800. Duk mai son hoto zai samu har ya gaji.

Sai dai ƙwararru ne suka yi wa Chamonix suna. Gangarensa masu tsauri ne, filayen zamiyarsa kuma a warwatse suke a tsawon kwarin, ta yadda sai mutum ya shiga bas da kayansa daga wannan zuwa wancan. Shahararriyar hanyar nan ta Vallée Blanche, mai tsawon kusan kilomita 20, daga tsayin mita 3,800 take farawa, ta bi ta kan daskararriyar ƙanƙara mai ramuka, ana kuma ba da shawarar kada a shiga sai da ɗan jagora. Ɗan koyo ba shi da abin yi a can sai kallo.

Haka Zermatt ta ƙasar Suwizalan, garin da ba a shiga da mota, wanda dutsen Matterhorn ke tsaye a kansa. Wuri ne mai kyau ƙwarai, amma yana cikin mafi tsada a Turai. A bayan wannan dutsen, ta ɓangaren Italiya, akwai Cervinia a tsayin kusan mita 2,050, mai dogayen gangare masu sauƙi, kuma motocin igiya sun haɗa ta da Zermatt. Dutse ɗaya ne, ƙanƙara ɗaya ce, amma kuɗin kwana da na abinci sun sha bamban.

A Turai da launi ake nuna wahalar gangare. A Faransa kore na masu koyo ne, shuɗi mai sauƙi, ja na waɗanda suka iya, baƙi na ƙwararru. A Ostiriya da Suwizalan galibi daga shuɗi ake farawa. Kowane wurin zamiya yana da taswirarsa a intanet kyauta. Idan taswirar ta cika da ja da baƙi, mai koyo ya nemi wani wuri, komai daɗin sunan.

Akwai kuma tarkon girma. Yankin Les 3 Vallées a Faransa yana tallata hanyoyin zamiya na kilomita 600, kuma tikitin hawa na kwana shida ya kai kusan Yuro 400 ga babba. Wanda ya zo koyo zai yi kwana biyu ko uku na farko a kan ɗan gangaren da bai fi filin ƙwallo ba, yana faɗuwa yana tashi. Biyan kuɗin kilomita 600 a irin wannan hali tamkar sayen buhun shinkafa ne don tuwon dare ɗaya. Wurare da dama suna da ƙaramin tikiti na masu koyo, wasu ma a Faransa kyauta ake hawa na'urorin da ke filin koyo.

Ƙanƙara ta koma sama

Dalilin da ya sa tsayi ya zama tambaya ta farko shi ne ɗumamar yanayi. A ƙa'ida, duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi kan ragu da kusan digiri 6. Ke nan abin da ke sauka a matsayin dusar ƙanƙara a mita 2,000 yana iya zama ruwan sama zalla a mita 1,000, ruwan kuma wanke wadda ke ƙasa yake yi.

An ga hakan a farkon 2023, lokacin da zafi ya haura digiri 20 a garin Delémont na Suwizalan ranar 1 ga Janairu. Hotunan da suka zagaya duniya a makon sun nuna siririyar farar hanya a tsakiyar ciyawa, mutanen da suka biya kuɗi tun watanni suna layi a kanta.

Wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature Climate Change a 2023 ya duba wuraren zamiya 2,234 a ƙasashen Turai 28. Ya gano cewa idan ɗumamar duniya ta kai digiri 2, kashi 53 cikin 100 nasu za su shiga babban haɗarin ƙarancin ƙanƙara muddin ba su haɗa da ta inji ba. Idan ta kai digiri 4, adadin zai koma kashi 98.

Tun yanzu ma wasu sun saduda. La Sambuy, wani ƙaramin wurin zamiya kusa da Annecy a Faransa wanda ke farawa daga kusan mita 1,200, ya rufe a 2023 saboda lokacin ƙanƙararsa ya ragu zuwa 'yan makonni. A Fabrairun 2024 hukumar binciken kuɗaɗen gwamnatin Faransa ta fitar da rahoton da ke gargaɗin cewa tsarin da tattalin arzikin wuraren zamiya ya ginu a kai ya fara ƙarewa.

Za a ce ai akwai injin yin ƙanƙara, kuma gasar Olamfik ta Beijing a 2022 kusan gaba ɗaya a kan ta inji aka yi. Gaskiya ne, amma injin ma sai da sanyi yake aiki. Ruwa yake fesawa cikin iska ya daskare, idan iskar ta yi ɗumi to ruwa ne zai sauko.

Saboda haka mai hankali lambobi biyu yake nema kafin ya biya ko sisi: tsayin ƙauyen da zai kwana, da tsayin mafi yawan gangaren. Val Thorens, wurin zamiya mafi tsayi a Turai, yana mita 2,300. Tignes na kusan mita 2,100, Obergurgl ta Ostiriya mita 1,930, Alpe d'Huez mita 1,860, Avoriaz mita 1,800. A irin waɗannan wurare da wuya a je tsakanin Janairu da Maris a tarar da ƙasa tsirara. Gangaren da ke fuskantar arewa ya fi riƙe ƙanƙara, domin rana ba ta dukansa kai tsaye.

Inda shawarar tsayi take tsayawa

Akwai mutanen da wannan shawara za ta iya cutarwa, kuma takardun talla na Turai ba su cika tunawa da su ba.

Kano ba ta kai mita 500 a saman teku ba. Jos, da ake yi wa kirari da sanyi, tana kusan mita 1,200. Dutse mafi tsayi a Najeriya, Chappal Waddi a Jihar Taraba, mita 2,419 ne. Wato wanda ya kama ɗaki a Val Thorens kusan a ƙololuwar Najeriya yake kwana, da rana kuma ya hau sama da mita 3,000.

A irin wannan tsayi iskar da jiki ke samu tana raguwa. Mai lafiya yana iya fama da ciwon kai, kasala da rashin barci na kwana ɗaya ko biyu, musamman daga mita 2,500 zuwa sama. Ga mai cutar sikila kuwa, ƙarancin iska da tsananin sanyi da bushewar jiki su ne manyan abubuwan da ke tayar da ciwon, kuma dukansu ukun suna jira a saman dutse.

Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila a duniya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana da jinin AS. Masu AS yawanci lafiya lau suke rayuwa, amma likitoci sun daɗe da sanin cewa hawa tsayi mai yawa tare da aikin ƙarfi yana iya toshe jinin da ke zuwa saifarsu. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a hagun ciki, a ƙasan haƙarƙari.

Duk iyalin da ke da mai sikila, ganin likita ya zo kafin sayen tikiti. Mai AS ma ya kamata ya tambaya, ya kwana a ƙasa-ƙasa, ya sha ruwa sosai, kada kuma ya sauka daga jirgi yau gobe ya haye ƙololuwa. Wanda bai san nau'in jininsa ba, gwajin bai kai kuɗin abincin rana ɗaya a saman dutse ba.

Masauki: mita nawa ne zuwa wurin hawa?

A hutun bakin teku, otal shi ne rabin hutun. A hutun zamiya kuwa mutum da safe yake fita, sai yamma ya dawo a gajiye. Abin da zai dame shi kullum shi ne tafiyar da ke tsakanin ƙofar masauki da motar igiya.

Takalmin zamiya na roba ne mai tauri da nauyi, ba ya lanƙwasa a idon sawu. Tafiyar mita 500 a cikinsa, a kan hanya mai santsi, da katako a kafaɗa da yara biyu a baya, ta isa ta ɓata wa mutum rana tun kafin ya fara. Shi ya sa ƙaramin ɗaki a bakin gangare ya fi otal mai taurari biyar da sai an jira bas.

Masu talla sun san haka, don haka kowa cewa yake masaukinsa na kusa. A buɗe taswira a waya a auna. A kuma duba ko hanyar hawa ce ko gangara, da kuma launin gangaren da ke wucewa ta ƙofar masaukin. Idan ja ne, ɗan koyo ba zai iya dawowa gida ta nan ba. Abin da ya fi masa amfani shi ne kusanci da wurin da makarantar koyon zamiya ke taruwa da safe.

Sai nau'in masaukin. Akwai otal mai ba da karin kumallo da abincin dare, akwai gidan katako da ake haya gaba ɗaya, akwai kuma ɗaki mai kicin da mutum zai dafa da kansa. A Faransa yawancin irin waɗannan ɗakuna daga Asabar zuwa Asabar ake bayarwa, kuma ƙanana ne ƙwarai. Wanda aka rubuta na mutum huɗu, sau da yawa biyu a kujerar falo za su kwana.

Duk da haka ɗaki mai kicin ya fi sauƙi ga wanda ke kula da abin da yake ci. Abincin tsaunukan Alps cike yake da naman alade, shahararriyar narkakkiyar cukwin nan da ake tsoma burodi a ciki kuma da giya ake haɗa ta. A Ostiriya, ɗakin gumi na otal yawanci maza da mata ne a haɗe, ba tufafi. Garuruwa irin su Ischgl da St. Anton sun yi suna wajen shagalin mashaya tun daga la'asar. Mai tafiya da iyali gara ya san wannan tun yana gida.

Tambayar da ba a son yi wa mai otal

Da asubahin 21 ga Janairun 2025, gobara ta tashi a wani otal mai hawa 12 a wurin zamiya na Kartalkaya da ke lardin Bolu a Turkiyya. Lokacin hutun makaranta ne, otal ɗin cike da iyalai. Mutum 78 suka rasu, da yawansu yara. Waɗanda suka tsira sun ce ba su ji ƙararrawar gobara ba. Wasu zannuwan gado suka ƙulla suka sauko ta taga.

Wata ɗaya kafin nan, a Disambar 2024, an tsinci gawar mutum 12 a ɗakunan kwana da ke saman wani gidan abinci a Gudauri ta ƙasar Jojiya, 11 daga cikinsu 'yan Indiya. Hayaƙin janareta da aka kunna a cikin gini bayan an ɗauke wuta ne ya kashe su. Wannan mutuwa ce da ba baƙuwa ba a Najeriya.

Gine-ginen tsauni sau da yawa da katako ake lulluɓe su, tagoginsu a rufe saboda sanyi, motar kashe gobara kuma daga nesa take tasowa a kan hanya mai ƙanƙara. Don haka ba rashin kunya ba ne a rubuta wa mai masauki a tambaye shi ko akwai na'urar jin hayaƙi a ɗakuna, da matakalar fita ta gaggawa. Idan an isa, a taka ƙafa a bi hanyar fitar sau ɗaya tare da yara kafin a kwanta. Minti biyar ne.

Kuɗin da ba ya cikin talla

Farashin da ake gani a shafin otal kwana ne kawai. Bayansa akwai tikitin hawa, hayar katako da takalmi da hular kwano, kuɗin malami, tufafin sanyi, da tabarau, domin hasken rana a kan ƙanƙara yana ƙona ido ko da fatar mutum baƙa ce. Akwai kuma motar da za ta kai mutum daga filin jirgi. Daga Geneva zuwa Chamonix awa ɗaya da 'yan mintuna ne, zuwa Val Thorens kuwa kusan awa uku, ranar Asabar ma ya fi haka.

Lokaci ma kuɗi ne. Makon Kirsimeti da sabuwar shekara, da hutun makarantu na Fabrairu, su ne mafi tsada da cunkoso. Daga mako na biyu na Janairu zuwa ƙarshensa farashi kan faɗi, haka ma tsakiyar Maris, lokacin da rana ta fi tsawo. Mai azumi ya duba kalanda, domin a waɗannan shekarun Ramadan cikin hunturun Turai yake faɗawa. Na 2027 ana sa ran zai kama a farkon Fabrairu.

Faransa da Italiya da Ostiriya da Suwizalan duk biza ɗaya ce ta Shengen, wadda kuɗinta ya koma Yuro 90 tun 2024. Tun da ba kowa ake ba ba, kuskure ne a biya masaukin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito.

Ana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000 kafin a ba da bizar, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗuwa. Inshorar tafiya ta gama-gari sau da yawa ba ta ɗaukar raunin wasannin ƙanƙara. A Faransa, sauko da wanda ya ji ciwo daga kan gangare ba kyauta ba ne, idan kuma sai da jirgi mai saukar ungulu, lissafin dubban Yuro ne. Italiya ta wajabta wa duk mai zamiya inshorar biyan diyya ga wanda ya buge tun daga Janairun 2022.

Ƙwarewa ma ba ta hana tsautsayi. Michael Schumacher, zakaran tseren mota na duniya sau bakwai, gwani ne a zamiya, amma ranar 29 ga Disambar 2013 ya bugi dutse da kai a Méribel bayan ya ɗan kauce daga hanyar da aka shata. Likitocinsa sun ce ba don hular kwano ba da bai kai asibiti da rai ba.

Ba Alps ce kaɗai ke da ƙanƙara ba

Ga mai tasowa daga Abuja ko Legas, Turkiyya ta cancanci dubawa, kuma bizarta dabam ce da ta Shengen. Dutsen Erciyes yana kusan kilomita 25 daga birnin Kayseri, filin zamiyarsa daga mita 2,200 yake farawa ya haura 3,000. Palandöken na gefen birnin Erzurum, wanda ya karɓi gasar hunturu ta jami'o'in duniya a 2011. A duka biyun mutum zai iya kwana a cikin gari, ƙasa da tsayin gangaren, abinci da masallaci kuma ba abin nema ba ne. Tambayar gobara dai tana nan, a can ma ta fi zama dole.

A nahiyar Afirka akwai Oukaïmeden a Maroko, kusan kilomita 75 daga Marrakesh, a tsayin mita 2,600. Ƙanƙararsa ba ta da tabbas, kayan aikinsa kuma ba su kai na Turai ba, don haka ya fi dacewa da ziyarar yini ɗaya ga wanda dama yana Marrakesh. Afriski a Lesotho kuwa daga Yuni zuwa Agusta yake aiki, lokacin hunturun kudancin duniya.

Ga mai cewa shi kallo ya je yi

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren. Wani ba zamiyar ce ta kai shi ba. So yake ya ga ƙanƙara, yara su yi wasa, ya zaga gari mai kyau. Wurare masu tsayi irin su Val Thorens da Tignes ginannu ne na zamani, benaye ne a kan dutse ba bishiya, kuma ran da guguwa ta taso aka rufe motocin igiya, sai zaman ɗaki.

Mai irin wannan buri ya yi daidai idan ya zaɓi Chamonix ko Zermatt ko Innsbruck, ya hau motar igiya ya ga ƙololuwa ya sauko. Abin da ba daidai ba shi ne a haɗa buri biyu a jaka ɗaya, a biya tikitin mako da hayar kaya a garin da bai dace da koyo ba, a ƙare ba a koya ba, ba a kuma huta ba.

Wanda ya ƙudurta koyo kuwa, jerin tambayoyinsa a bayyane yake. Lafiyar kowa a gidan za ta ɗauki tsayin? Ƙauyen ya kai mita 1,800, ko aƙalla gangarensa na sama da haka? Akwai kore da shuɗi da yawa a taswira? Mita nawa ne daga gado zuwa makarantar koyo? Ina hanyar fita idan wuta ta tashi? Inshorar ta ambaci zamiya da sunanta?

Idan wuri ya amsa waɗannan shida, to ya dace, ko da babu wanda ya taɓa jin sunansa a unguwa.